TARIHIN GARKA DA NOMAN RANI A ƘASAR DUNGU



Abu biyu ne suka sa muka ɗauko maganar garka a wannan fitowa. Na farko, wani yaronmu da ke karatu a birni ya zo gida da 'yar takardar irin salati wadda ya saya a kanti. A bayanta an rubuta da Faransanci cewa a shuka daga watan Maris zuwa Mayu. Yaro ya bi abin da takarda ta ce, ya gyara fangali a bayan ɗakin uwarsa, ya yi ta ɗibar ruwa safe da maraice. Salati ya tsiro, bai ko yi ganyen kirki ba sai ya miƙe ya yi kara ya fid da fure, ɗan ganyen da aka samu kuwa ɗaci kamar maɗaci. Takarda ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba domin mu aka rubuta ta ba. A ƙasar Turawa watannin nan su ne lokacin da sanyi ke sakin ƙasa, itatuwa su yi toho, kowa ya fita bayan gidansa ya shuka kayan miya da furanni. A wurinmu kuwa su ne tsakiyar bazara, sa'ad da zafi kan wuce awo 40, furen tumatir ya riƙa kaɗewa tun bai ƙulla ɗa ba. Mai garka a nan yakan fara aikinsa da zarar an kai hatsi rumbu, ya ci moriyar ɗari, kafin bazara ta kankama ya kwashe albasarsa.

Na biyu, a wajen taro mun ji wani saurayi yana cewa wai Seyni Kunce ne ya kawo noman rani ƙasar nan. Dattijai suka yi dariya. Mu dai ba mu ga abin dariya ba, domin wanda bai san yadda aka sami abu ba, ba ya jin zafin sayar da shi, ga shi kuwa muna gani ana ta sayar da fadama.

RUWAN DA KE ƘARƘASHINMU

Ƙasarmu ba ta da kogi mai gudu duk shekara. A shekarar kirki ruwan sama da ke sauka wajen Matamai yakan kai milimita 500 zuwa 600, shi ma a cikin wata uku ko huɗu yake zuba ya ɗauke. Amma Allah Ya yi mana wata baiwa da ba kowa ke da ita ba, watau kwarin Korama da rassansa, waɗanda suka ratsa ƙasar Kance da Magarya da kudancin Mirya suka nufi gabas. Jigawar da ke kewaye da mu yashi ce, tana shanye ruwan damana kamar soso, sa'an nan ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali zuwa kwari. Shi ya sa a tsakiyar fadama mutum kan haƙa gaba ɗaya ko biyu ya tarad da ruwa, alhali a kan tudu sai an haɗa igiya. Duk tarihin garka a Dungu a kan wannan ruwa ya tsaya.

Kakanninmu sun san haka tun kafin wani Bature ya taka ƙasar. Muna da shaida a rubuce. A ƙarshen shekarar 1852 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya fito daga Kukawa ya nufo Damagaram. A wajen Gidimuni ya tarad da mutane suna ban ruwa daga idanun ruwa, suna noman albasa da barkono da auduga da baba. A gefen birnin Damagaram kuma ya ga gonakin taba suna shan ruwan da ke kusa da bisa. Wannan fa shekara 132 ke nan kafin kiran da Kunce ya yi. Ƙasar Kance, wadda ke da tsohuwar dangantaka da Daura, a wancan ƙarni ta shiga ƙarƙashin Damagaram, hanyar fatake kuwa daga Kano da Daura zuwa Damagaram ta wajenmu take bi. Iri kan bi fatake kamar yadda labari ke binsu.

In mutum ya saurari sunayen abin da ke cikin garkarsa, zai ji daga inda kowanne ya fito. Albasa da alkama da lemu sunayen Larabci ne, sun shigo mana ta hanyar arewa da gabas tun da daɗewa. Masara sunanta ya nuna ta wajen Masar mutanenmu suka ce ta zo, ko da yake asalinta daga nahiyar Amurka ne. Haka barkono, da tumatir, da rogo, da dankali, da gyaɗa, da taba, duk daga can suke, babu ɗayansu da ya iso Afirka sai bayan shekarar 1492. Rake asalinsa daga wajen Asiya ne. Namu na gado tun fil azal su ne irin su kuɓewa, da yakuwa, da rama, da gauta, da guna, da duma. To, ashe mai garka bai taɓa ƙin baƙon iri ba. Yakan gwada shi a kusurwar fangali, in ya karɓi ƙasa ya zama ɗan gida.

Aikin kuwa da wuya yake a da. Rijiyar garka ba siminti gare ta ba, da itace da kara ake ɗaure bakinta, damana na zuwa yashi ya rufta, da kaka a sake yasa. Wanda ruwansa ke kusa ƙwarai yakan sauka da masaki ya ɗebo ya watsa. Wanda nasa ya ɗan yi nisa sai ya kafa jigo: doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga a ɗaya bakin, yana ja yana zubawa a magudana, yaro na can yana buɗe fangali yana toshewa da fartanya. Tun asuba ake farawa cikin sanyin ɗari, ƙafa duk ta yi faso. Ga shingen ƙaya da za a sabunta kowace shekara saboda awaki. Har yanzu akwai tsofaffi a cikinmu da kafaɗarsu ba ta manta jigo ba.

TA BAYAN ƊAKI

Akwai wata garka da masu rubuta tarihi ba su cika kula da ita ba, domin a cikin gida take, hannun mata kuma take. Inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke gangarawa, nan uwar gida kan jefa 'ya'yan kabewa ta bi danga ta hau rufin ɗaki. Kusa da ita ga barkono gindi biyu, ga ɗaɗɗoya, ga gwanda, ga zogale, wani gidan har da lalle. Ba a auna ta da igiya, ba a biya mata haraji, amma ita ke sa miya ta yi daɗi ran da babu ko dala a gidan. A bazara, sa'ad da fadama ta fara ja baya, zogalen nan shi ke ba da ganyen da za a yi kwaɗo da ƙuli.

Wasu na cewa Bahaushe bai san fure ba. Gaskiya ne ba mu gaji shuka fure domin kallo kawai ba, amma a tuna, in kakarmu ta ce a sayo mata fure a kasuwa, furen taba take nufi, wanda mata ke gogawa a haƙori tare da goro har ya yi ja. Mai garkar taba a da yana da ciniki biyu, ganye na maza, fure na mata. Soborodo ma daga furen yakuwa yake fitowa. Lalle kuwa duk wanda ya wuce ta gindinsa da maraice lokacin da ya yi huda ya san ƙanshinsa. Furenmu dai sai wanda za a ci, ko a sha, ko a yi ado da shi a jiki. Na jere a bakin ƙofa domin baƙo ya gani, wannan a gidan kumandan aka fara ganinsa.

ZAMANIN NASARA DA GYAƊA

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, birnin ya zama hedkwatar ƙasar har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyaka, aka raba mu da Daura a kan takarda. Turawa sun zo da nasu kayan ci, sunayen ma sun tona asirinsu: salati, karoti, shu. A lambun bariki aka fara shuka su, 'yan kaso da mutanen aikin tilas ke ban ruwa, har aka soke aikin tilas a 1946. Mutanenmu sun daɗe suna kallon salati abincin awaki, suna mamakin mutum da hankalinsa ya zauna yana cin ɗanyen ganye.

Abin da ya fi canja ƙasar a wancan zamani gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da Ikko a 1912, kamfanoni suka buɗe ciniki, haraji kuma da kuɗi ake biyansa, saboda haka kowa ya ba gyaɗa rabin gonarsa. Yankinmu ya zama cibiyarta, har aka kafa masana'antar matsar mai a Matamai. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa, a shekarun nan kuwa ita ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin abin da take sayarwa waje. Wanda ya karɓi kuɗin gyaɗa da kaka bai ga dalilin da zai kashe kansa a kan jigo ba. Samari suka gwammace cin rani a Kano. Garka ta zama ta tsofaffi da masu rake da masu rogo.

Amma duk sa'ad da yunwa ta zo, fadama ake komawa. Haka aka yi a Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, haka kuma aka yi a waɗanda suka biyo bayanta. Rogo ya sami daraja a nan ne saboda abincinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, fara ba ta kai gare shi, yana kuma jiran mai shi har lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Sai farin 1973 ya zo, dabbobi suka mutu, sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974. A 1975 kuma ɗarɓa ta faɗa wa gyaɗa da cutar da ke murɗe ganye, daga nan har ƙasar Kano, gonaki suka tashi babu ko iri. Daga wannan shekara gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta na da ba. A shekarun nan ne aka yi aikin raya karkara da ake kira 3M, watau Mirya, Magarya da Matamai, wanda ya kawo garmar shanu da taki da sabon iri, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga gonar damana.

SHEKARAR 1984

Yanzu mun zo kan maganar saurayin nan. A 1984 damana ta ƙi, gero ya bushe a tsaye. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986, shi ya sa mutane suka laƙaba wa yunwar sunansa. Ƙofar da muka saba bi in abu ya ɓaci, watau Ɗan Barto zuwa Kwangwalam da Mai'aduwa da Daura, ta toshe. A cikin wannan hali Shugaba Kunce ya yi kira ga ƙasa duka a koma noman rani. Aka bi ta hannun sarakuna da samariya, aka raba iri, aka gina rijiyoyin siminti, aka tara mutanen da suka baro garuruwansu a bakin tabkuna da fadamu aka ba su fili.

Ba za mu rage masa komai ba, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a Nuwamba 1987. Kiran nan ya ceci rayuka. Shi ne ya sa shu da karoti da salati da dankalin Turawa suka fita daga lambun ma'aikata suka shiga garkar talaka, matan da ba su taɓa riƙe fangali ba suka riƙe. Amma a duba a gani: a wurare da yawa inda aka kafa noman rani da umurni kawai, da ruwan sama ya dawo sai aka watse, shingen waya ya zama na ɗaure awaki. Inda ya zauna shi ne inda da ma akwai masu jigo, akwai ruwa kusa, akwai kasuwa. Mu muna cikin waɗannan. Kunce ya tarad da wuta tana ci ne, ya ƙara mata itace.

Akwai darasin da aka sha da wuya a shekarun farko. Kowa ya shuka tumatir lokaci ɗaya, ya nuna lokaci ɗaya, kwando ya rasa mai taya. Masu dabara suka koma yanka shi suna shanyawa a yi kauɗa, suka raba shuka kashi-kashi, suka kuma riƙe abin da ke jure ajiya da tafiya, irin su busasshen barkono da albasa da rogo. Rake kuwa bai taɓa barin matsayinsa ba. Ana dasa shi da zafi, ya sha damana, daga kaka a shiga sara, motoci su ɗauka zuwa Damagaram da gaba da nan. Wanda ya je tasha a birni ya ga ana kankare rake, sau da yawa na kwarin Korama ne.

DAGA JIGO ZUWA INJI

Bayan haka kayan aiki suka yi ta canjawa. Aka koyi huda ƙasa da hannu a zura bututun roba, rijiyar da a da ake mako ana haƙa ta zama aikin yini guda. A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da famfon da ake takawa da ƙafa, wanda aka sa wa suna Niyya da Ƙoƙari. Sa'an nan ƙananan injuna masu shan fetur suka cika kasuwa ta hanyar Nijeriya, suka kori jigo da famfon duka. Man da suke sha ma daga can ya riƙa zuwa da araha, ko bayan an buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a 2011. Da aka janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu 2023, aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na shekarar har zuwa farkon 2024, masu garka sun ji a jikinsu. Tun daga nan masu hali suka ƙara komawa famfo mai aiki da hasken rana.

Inji alheri ne, ba mai son ɗansa ya koma jigo. Amma jigo yana da wani hali guda: ba ya ɗibar abin da ya fi ƙarfin mai shi. Inji kuwa yakan zuƙe a sa'a guda abin da mutum ba ya ja a yini, in mai inji ya zurfafa bututunsa sai maƙwabcinsa mai gajeriyar rijiya ya wayi gari da laka. Ga yashi da iska da ruwa ke gangarowa da shi daga jigawar da aka sare, yana cin bakin fadama. A wasu wurare kuma kanwa ta taso ta yi fari a bisa. A nan dole mu yaba wa manoman da suka bar gawo ya tsiro a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har ƙasar Matamai da Magarya da Mirya ta yi suna a duniya saboda yawansa. Gawon da ke kan tudu yana riƙe yashin da zai binne garkar da ke kwari.

Babbar damuwa dai ita ce yawanmu. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar duka, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, a gundumar Kance kaɗai kusan mutum 400,000. Fadama kuwa ba ta haihuwa. Garkar da kaka ya riƙe shi kaɗai, yau jikoki goma ke raba ta, kowa ya sami abin da bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Wanda nasa bai ishe shi ba sai ya jinginar domin biki ko magani ko kuɗin mota, jingina ta daɗe, shaidu su mutu, ta rikiɗe ta zama saye. Masu kuɗi daga birni suna bi suna haɗa ƙananan nan, ɗan mai garka ya koma ɗan ƙwadago a garkar ubansa. 'Ya'ya mata kuma sau da yawa akan ce su bar rabonsu a hannun 'yan'uwa maza, alhali shari'a ta yanka musu nasu a fili.

Ba wanda ya manta Oktoban 2013, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga wannan yanki namu na Kance suka fito. Ba mu ce rashin garka kaɗai ya fitar da su ba, dalilan tafiya suna da yawa. Amma mutanen da suka tashi daga ƙasar da ake samun ruwa a gaba biyu suka je suka mutu da ƙishirwa, ya kamata mu tambayi kanmu nawa ne daga cikin matan nan suke da fangali nasu na kansu.

Doka tana nan. Tun 1993 aka yi dokar karkara wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, da ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 Dungu ta sami majalisarta. Ana rubuta saye, ana rubuta jingina, ana rubuta aro da gado. Saboda haka ƙungiya tana roƙon duk wanda ke da garka a hannun wani, ko ta wani a hannunsa, ba tare da takarda ba, ya ɗauki abokin maganarsa da shaidu su je wurin maigari a rubuta tun masu shaidar suna da rai. 'Yan'uwa na Kano da Yamai da Agadas, in wani naku ya aiko yana neman jinginar da fadamar gida, ku fara sanar da dangi kafin magana ta kai ga baƙo.

Har wa yau muna son kowace unguwa ta zaunar da tsofaffinta, maza da mata, a rubuto mana sunayen fadamu da tsofaffin rijiyoyi, da wanda ya fara haƙa kowace, da inda ruwa yake tsayawa a da da inda yake tsayawa yanzu. A kawo wa magatakarda kafin fitowa ta gaba. In akwai gidan da har yanzu ke da itacen jigo a jingine, kada a sa shi a murhu, muna so mu kai shi makaranta yara su gani.